WAI MATA NE KE HANA SUPER EAGLES CIN ƘWALLO?

Na san wata tana ganin kan maganar nan za ta taɓe baki ta ce, mu da muka zo neman labarin soyayya da girke-girke, me ya haɗa mu da tamaula? To dakata tukuna, kar ki yi saurin buɗe shafi na gaba. Ko ba kya kallon ƙwallo, ai kina da wa ko ƙane, ko saurayi, ko maigida, wanda da zarar an ce Super Eagles sun shiga sansani shi ke nan gida ya koma majalisa, ba a jin kira, abinci ya huce a kwano. Kuma a cikin musun nan nasu ana ambaton mu, ba kuwa da alheri ba. Abin da ake faɗa a kanki a bayan idonki ai ya kamata ki san shi, ki kuma san amsarsa.

Bari in fara yi wa wadda ba ta sani ba bayanin abin da ake nufi da sansani. Idan babbar gasa ta gabato, kamar Kofin Duniya ko Kofin Nahiyar Afirka, mai horarwa, wato koci, yakan fitar da sunayen 'yan wasa fiye da adadin da yake buƙata, a kirawo su daga kulob-kulob ɗinsu na Turai da na gida, a tara su wuri ɗaya, ko otal ko wata cibiyar wasanni, na tsawon makonni. Nan za su ci, nan za su kwana. Da safe gudu da motsa jiki, da yamma atisaye da ƙwallo, da dare a zauna a kalli wasannin waɗanda za a kara da su. Abinci ma ba abin da rai ke so ba, sai abin da likita ya yarda da shi. Akwai lokacin da dole kowa ya shige ɗaki, sau da yawa mutum biyu a ɗaki guda, ba fita sai da izini, ba baƙo sai da izini. In kin lura, kulle ne sosai da sosai, irin wanda in aka yi wa amarya sai ki ji ana cewa mijin ya cika kishi. Bambancin kawai, a nan maza ake kullewa.

Daga ƙarshe sai koci ya zauna ya tankaɗe. A 1994 da 1998 mutum 22 kowace ƙasa take tafiya da su Kofin Duniya, daga 2002 aka mai da su 23, a Ƙatar a 2022 aka ba da damar 26. Wanda sunansa bai fito ba sai ya haɗa jakarsa ya kama hanya, bayan ya sha gudun makonni a banza. Wannan ranar tankaɗe ita ce ranar da masu shayi ke ciniki, don ba mai tashi daga benci. Wannan ya ce an yi son kai, wancan ya ce an karɓi na goro, wani ya lissafo 'yan Arewa da yatsunsa ya ce an danne mu, wani ya ce me ya sa ba a ɗaukar masu buga wasa a gida. Akwai kuma masu tambayar dalilin da zai sa a kwashi mutane a kai su ƙasar sanyi alhali a ƙasar zafi za a yi gasar. Duk wannan musu ne mai daɗi, ni kaina ina tsoma baki in an yi shi a tsakar gida. Inda nake tsuke fuska shi ne idan an tafi gasar an sha kashi, sai ki ji an watsar da duk waɗancan dalilai an dawo kan magana ɗaya: "Ai mata ne suka shiga sansanin."

Wannan magana tana da asali, ba daga sama ta faɗo ba, kuma asalinta a wurinmu shekarar 1994 ce.

A lokacin ina makarantar sakandare. Kocin Najeriya wani Bature ne ɗan ƙasar Holan, Clemens Westerhof, wanda ya karɓi aikin tun 1989. Ku riƙe wannan shekarar, don za mu dawo kanta. Shi ne ya kai Najeriya Kofin Duniya karo na farko a tarihi, bayan kunnen doki ɗaya da ɗaya da Aljeriya a watan Oktoba na 1993, Finidi George ne ya ci mana. A watan Afrilu na 1994 suka je Tunisiya suka ɗauko Kofin Afirka, suka doke Zambiya biyu da ɗaya a wasan ƙarshe, duka biyun Emmanuel Amunike ne ya zura. A wannan watan hukumar FIFA ta sa Najeriya ta biyar a duniya. Ta biyar fa, 'yan uwa! Yaran yanzu in an faɗa musu sai su ɗauka tatsuniya ce.

Westerhof yana da wani wuri da yake son kai 'yan wasansa, ana kiran sa Papendal, cibiyar wasanni ce a cikin daji kusa da garin Arnhem a ƙasarsu. Ba kasuwa, ba hayaniya, ba dangi, ba 'yan maula, daga filaye sai itatuwa. Sunan wurin ya shiga bakin samarin unguwarmu har ya zama karin magana, in aka ga yaro ya kulle kansa a ɗaki yana karatun jarrabawa sai a ce wane ya tafi Papendal. Mu a nan Arewa muna da namu a cikin tawagar: Rashidi Yekini, Allah ya ji ƙansa, haifaffen Kaduna ne, a can ya fara da ƙungiyar masaƙar UNTL, Daniel Amokachi shi ma ɗan Kaduna ne, daga Ranchers Bees ya fito. Tijjani Babangida kuwa bai samu shiga cikin 22 ɗin ba, kuma an daɗe ana gunaguni a kan haka.

Da aka je Amurka abin ya fara kamar a mafarki. Ranar 21 ga Yuni a Dallas aka lallasa Bulgeriya uku da nema, ranar ce Yekini ya shiga cikin raga ya riƙe ta yana ihu, hoton da har yau ake nunawa. Ajantina ta Maradona ta ci mu biyu da ɗaya, muka huce a kan Girka biyu da nema, muka fito na ɗaya a rukuni. Sai ranar 5 ga Yuli, Italiya, kusa da birnin Boston. Amunike ya ci tun kafin hutun rabin lokaci. Aka ba ɗan wasansu Zola jan kati, suka koma mutum goma. Saura minti biyu a tashi, a gidanmu har an fara shirin guɗa, Roberto Baggio ya farke. A ƙarin lokaci ya ƙara da bugun fenareti. Daren nan tuwo ya kwana a gidaje da yawa.

To daga baya Westerhof ya sha faɗi a hirarrakin da aka yi da shi cewa kafin wasan ya so ya ɗauke 'yan wasan daga otal ɗin da suke, ya mai da su wani wuri mai shiru, saboda otal ɗin ya cika da baƙi masu shige da fice, har da mata, amma 'yan wasan suka ƙi tashi, manyan da ke tare da su kuma ba su goya masa baya ba. Shi ke nan, 'yan majalisa sun samu abin da suke nema. Daga cikin dogon bayanin nan kalma ɗaya suka tsinta suka sa a aljihu: mata.

Ni kuwa da na girma na sake jin labarin da kunnen basira, sai na ga ba labarin mata ba ne. Labari ne na koci da ya ba da umarni aka ƙi bi, da shugabannin da suka tsaya kallo. Gidan da maigida zai ce a tashi a ce ba za a tashi ba, ai tun kafin baƙo ya yi sallama gidan ya riga ya tsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sannan ba wanda ke son tuna cewa a wasan nan Amokachi ya fita da rauni tun kafin hutun rabin lokaci, Amunike ma ya bi shi bayan an dawo, mutum biyun da suka fi razana Italiya. Wace mace ce ta taka su? Haka nan masu yabon Papendal suna mantawa da cewa ba dajin ne ya yi aikin ba. Shekara biyar mutumin nan ya yi yana gina tawaga ɗaya, yana gwada wannan yana ajiye wancan, kuma a zamanin mulkin Babangida yana da shiga wurin mataimakin shugaban ƙasa, Augustus Aikhomu, abin da ya nema na aiki yana samu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ku dubi 1998 ku ga bambanci. An ɗauko Bora Milutinovic saura wata shida kacal a fara gasar Faransa. Wasannin share fage suka zama abin kunya: Yugoslabiya ta ci mu uku da nema, Holan ta yi mana biyar da ɗaya. Ana saura kwana biyu a buɗe gasa, ranar 8 ga Yuni, Janar Abacha ya rasu, ƙasa ta shiga wani hali. Duk da haka suka doke Sifen uku da biyu, ranar da Garba Lawal ɗan Kaduna ya sa golansu ya tura ƙwallo cikin ragarsa, Sunday Oliseh kuma ya saki wata dirkekiya daga nesa. Nan take aka fara lissafin yadda za a yi da Burazil, an manta akwai Denmak a gaba. Denmak ta yi mana huɗu da ɗaya. Shekaru bayan haka Taribo West ya faɗa wa 'yan jarida cewa wasu 'yan wasan sun shigo da mata sansani a ɓoye kafin wasan. Ban ce ƙarya yake ba, yana wurin, ni ba na nan. Amma ku saurari maganar da kyau: sun shigo da su. Mace ba ta haura katangar otal a ƙasar Faransa ta fasa ƙofa ba, wani ne ya san dokar sansani, ya san gobe yana da aikin ƙasa, ya aika aka kirawo ta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, na yarda, ba ina wanke irin waɗannan matan ba ne, kuma ba na fatan ɗayanku ta zama irinsu. Sai dai wanda aka ɗora wa amana shi ake tambaya. Ga kuma taƙaddamar kuɗin alawus da aka yi ta ba da labarin ta dabaibaye tawagar a daidai wannan lokaci, wadda ita ba a cika son jan zancenta a teburin mai shayi ba, don ba ta da daɗin gulma.

Me ya sa abin ya dame ni har na ɗauki biro? Saboda maganar ba ta tsayawa a kan 'yan matan otal. Tana gangarowa har ɗakin matar aure ta sunna.

Akwai 'yar ƙanwar mahaifiyata, yarinya mai hankali, da ta auri wani saurayi ɗan ƙwallo, yana buga wa wani kulob a gasar cikin gida. Ba irin masu kuɗin Turai ba, ɗan albashi ne, in an biya. An ɗaura aure da kwana tara aka kira su sansanin share fagen kaka, a wani gari mai nisa, sati biyar. Lallen hannunta bai goge ba ya ɗauki jaka. Ta zauna ita kaɗai a ɗaki da sababbin kwanuka, in ya samu sarari da dare ya kira ta minti biyu, muryarsa a gajiye. Ranar tankaɗe aka ajiye shi. Ya dawo yana ɗingishi, ba ya magana da kowa.

Kafin sati ya zagayo magana ta gama dangi. Abokansa suka ce aure ne ya kashe masa ƙafa, wai amarya ta shanye masa ƙarfi, mutumin da kwana tara kawai ya yi da ita. Dangin miji kuwa suka ɗauko wadda ta fi muni. Wata goggonsa ta zo har ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ke yarinya, shekara shida yaron nan yana wasansa lafiya, kina shigowa aka koro shi. Mu dai Allah ya raba mu da farar ƙafa." Ta zo gidanmu da yamma idanu sun kumbura, ta ce da ni, "Yaya, wallahi ko filin ban taɓa gani ba, ban san inda ake buga abin ba." Ta yi yaji har na sati uku.

Abin da ya fito daga baya, da wani kawunsa mai hankali ya matsa aka kai shi aka ɗauki hoton gwiwar, shi ne jijiya ce ta samu matsala tun kakar da ta wuce, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Ya ɓoye ne don kar a ajiye shi, yana ɗaure ta da bandeji yana shan maganin kashe zafi, saboda kulob ɗin na riƙe da albashinsa na watanni kuma ya san in ya ce ba shi da lafiya shi da kuɗin sai a lahira. Gudun sansani, safe da yamma a kan busasshen fili, shi ya ƙarasa ta. Auren ya rayu, alhamdu lillahi, yanzu yana koyar da yara ƙwallo yana kuma ɗan kasuwancinsa. Goggon dai har yau ba ta ce a yi haƙuri ba, sai dai ta aiko da atamfa ranar suna.

Shi ya sa duk wadda ɗan ƙwallo ke nema a cikinku nake ce mata ta buɗe ido tun a zaure. Ki tambaye shi wata nawa yake yi a gida a shekara, ki tambaye shi ko ana biyansu a kan kari, ki tambaye shi abin da ya tanada in ƙafa ta ƙi, don sana'a ce da ba ta kai mutum tsufa. Kar rigar kulob da hoton jarida su ruɗe ki. Wannan ba kushe ba ne, akwai mutanen kirki a cikinsu sosai, amma zaman jiran miji aiki ne, kuma gara ki shiga da saninki.

Mu koma kan musun. In da kulle maza da nesanta su da iyali shi ke kawo kofi, da Ingila ta tara kofuna. A 2006 a Jamus matan 'yan wasansu da 'yan matansu suka tare a garin Baden-Baden, jaridu suka bi su da kyamara kasuwa-kasuwa, da Fotugal ta fitar da su a bugun fenareti aka ce ga dalili nan. A 2010 kuwa ɗan Italiya mai zafi, Fabio Capello, ya kai su Rustenburg a Afirka ta Kudu ya tsuke ko'ina. Me ya faru? Jamus ta yi musu huɗu da ɗaya tun a zagaye na biyu, ba su ma kai inda suka kai da matan ba. A 2014 kuwa kocin Holan, Louis van Gaal, ya bar iyalan 'yan wasansa suna kai musu ziyara a Burazil, suka yi wa Sifen mai riƙe da kofi biyar da ɗaya, suka ƙare na uku.

Amma wanda ya fi shiga raina shi ne na Maroko a Ƙatar a 2022, don su 'yan uwanmu ne Musulmi, al'adarsu ta girmama iyaye irin tamu ce. Kocinsu Walid Regragui da hukumarsu suka gayyato iyalan 'yan wasa, musamman iyaye mata, aka kawo su Doha aka sauke su. Duk wadda ta kalli gasar ta ga Achraf Hakimi yana rugawa wurin 'yan kallo yana sumbatar goshin mahaifiyarsa, ta ga Sofiane Boufal yana rawa da tasa mahaifiyar a tsakiyar fili, tana sanye da ɗankwalinta, bayan sun fitar da Fotugal. Suka zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ranar nan na leƙa zaure na ce da ƙannena da abokansu, "To malamai, yau kuma me za ku ce, ga mata nan cike da sansani." Ɗaya ya sosa ƙeya ya ce, "Ai Yaya, uwa daban ce." Na ce to matar aure fa, ba ita ce uwar gobe ba? Aka yi dariya aka sauya zance.

In kina son sanin abin da ya fi yawan hargitsa sansanin Super Eagles, ba sai kin je wurin mai duba ba, a rubuce yake shekara bayan shekara. A watan Yuni na 2013, wata huɗu kacal bayan marigayi Stephen Keshi ya ɗauko mana Kofin Afirka, 'yan wasan suka ƙi barin otal a Windhoek ta Namibiya saboda an zabge musu ladan wasa, suka isa Burazil a makare don gasar zakarun nahiyoyi. A 2014, ana tsakiyar Kofin Duniya, suka ƙi fita atisaye a Campinas kan kuɗi, kwanaki kaɗan Faransa ta fitar da su biyu da nema. A wannan gasar dai sai da gwamnatin Gana ta cika jirgi da tsabar kuɗi dala miliyan uku ta aika wa nata 'yan wasan kafin su kwantar da hankali. A 2016 tawagarmu ta Olamfik ta maƙale a Atlanta, ta sauka a Manaus saura sa'o'i a fara wasa da Japan.

A nan ne wani mai wayo zai ce, ai sun ci Japan ɗin biyar da huɗu, har suka samo tagulla. Kuma a 1996 ma cikin rashin kuɗi aka yi sansani a Tallahassee, amma Kanu da su Babangida da Amokachi suka doke Burazil da Ajantina suka ɗauko zinare. Gaskiya ne. Har akwai masu cewa wai ɗan Najeriya sai da yunwa yake wasa. Ni wannan magana haushi take ba ni, don irinta ce ake yi wa matar da miji ba ya ba ta kuɗin cefane amma kullum ana ganin hayaƙi a madafarta, sai a ce ai ita akwai dabara, a manta da cewa ɗan kunnenta ta sayar. Wanda ya yi abin kirki cikin wahala yabo ya kamace shi, ba a mai da wahalar ta zama tsari ba. Shi Keshin ma da ya ci kofi a 2013, ai zama ya yi da yaransa a Faro ta ƙasar Fotugal, ya ajiye wasu manyan sunaye ana ta zaginsa, ya ɗauki masu buga wasa a gida, ga kuma Ahmed Musa da ya taso daga Kano Pillars. Ɗaya daga cikin 'yan gidan, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta ba mu kofi a kan Burkina Faso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga tambayar da nake so ki ajiye a bakin zaninki don ranar da musu ya tashi. Muna da tawagar mata, Super Falcons. Su ma ana kulle su a sansani, cikinsu akwai masu aure, akwai masu samari. Sun ɗauki Kofin Afirka na mata sau goma, maza kuwa sau uku: 1980, 1994 da 2013. Kin taɓa jin ranar da aka ci su wani ya ce maza ne suka shiga sansaninsu? Ko an ce mijin wance ne mai farar ƙafa? A watan Disamba na 2016 suka doke Kamaru ɗaya da nema a gabanta a Yawunde, suka dawo Abuja da kofi, aka bar su a otal ba a biya su haƙƙinsu ba. Suka ce ba inda za su, suka zauna kusan sati biyu, har suka ɗauki kwalaye suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya kafin a saki kuɗin. A 2019 ma sai da suka yi irin wannan zaman a Faransa. A lokutan nan biyu, aikin suka fara gamawa, sannan suka zauna jiran lada.

Ranar 26 ga Yuli, 2025, a birnin Rabat, Maroko mai masaukin baƙi ta sa musu biyu kafin hutun rabin lokaci, filin ya cika da masu yi musu ihu. Suka dawo suka zura uku, suka ɗauki kofi na goma. Bayan wata uku da 'yan kwanaki, a wannan birni na Rabat dai, Super Eagles suka sauka don wasannin cike gurbin zuwa Kofin Duniya na 2026. Saura kwana biyu su kara da Gabon suka ƙi fita atisaye, kan bashin alawus. Aka sasanta, suka ci Gabon huɗu da ɗaya, sannan ranar 16 ga Nuwamba Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da su a bugun fenareti. Karo na biyu ke nan a jere, don na 2022 ma Gana ce ta hana mu a Abuja.

Na kasa kunne a tsakar gida ina jira in ji ta inda za a ɓullo mana. Sai ga koci Eric Chelle, mutumin Mali, ya fito gaban 'yan jarida a fusace yana cewa wani daga ɓangaren Kwango ya yi ta yin tsafi a bakin fili lokacin bugun fenareti. Daga baya ya nemi afuwa, amma ina, majalisa ta riga ta cafe. Sati guda ana musu a zaure kan ko ruwa mutumin ya watsa ko wani abu ya girgiza, wani har yana rantsuwa ya ga laya. Wannan karon dai mun huta, boka aka ɗora wa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.